Fellenius, Bishop ko Spencer: Wace Hanya Ta Dace da Lissafin Ƙarfin Gangare a Ƙasar Zariya?

Duk shekara idan lokacin aikin kammala karatu ya matso, ba na rasa ɗalibi ɗaya ko biyu daga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da za su biyo ni da kwamfuta a hammata. Na bara ya zauna, ya buɗe allo, ya juyo min da shi. Ya zana gangaren wata 'yar madatsar ruwa ta ƙasa, launuka sun fito raɗau, a gefe kuma ga lambobi sun yi layi, kowacce da sunan hanyar lissafin da ta ba da ita: Fellenius 1.38, Janbu 1.41, Bishop 1.52, Spencer 1.51, Morgenstern da Price 1.51.

Ya ce, "Yallaɓai, ƙasa ɗaya, gangare ɗaya, amsa biyar. Wacce ce ta gaskiya?"

Na ce masa za mu zo nan, amma ya fara nuna min layin ruwa a cikin zanen. Ya yi shiru. Bai sa ba. Da na tambaye shi yaushe ya ɗebo ƙasar da ya gwada, sai ya ce a watan Maris, kuma ramin da suka haƙa ko danshi babu. Wannan hirar ce ta sa na ga ya kamata in zauna in jera hanyoyin nan gefe da gefe, don wanda zai zaɓa ya san abin da yake zaɓa, ya kuma san wurin da zaɓin ba shi ne ke da nauyi ba.

Dukkan hanyoyin abu ɗaya suke nema, wato lambar aminci, wadda muke rubutawa da harafin F. Ana ɗaukar ƙarfin da ƙasa ke da shi na hana kanta zamewa, a raba shi da ƙarfin da ke jan ta ƙasa. In F ta tsaya a 1.0, gangaren na kan siraɗi. In ta haura, akwai rara. Shi kuwa ƙarfin ƙasa daga wuri biyu yake fitowa. Akwai danƙo, c, wanda ke riƙe ƙwayoyin ƙasa da juna kamar yadda yumɓu ke kama hannu. Akwai kuma gogayya tsakanin ƙwayoyin, wadda ake aunawa da kusurwa, φ, kuma ita tana ƙaruwa ne gwargwadon nauyin da ya danne su. A nan ne Karl Terzaghi ya kawo abin da ya canza fannin tun shekarun 1920: ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa yana ɗauke wani kaso na nauyin, don haka sai an cire matsin ruwa kafin a san ainihin dannin da ke haifar da gogayya. Ruwa ya hau, gogayya ta sauka. Duk wanda bai riƙe wannan ba, babu sunan Bature da zai cece shi.

Ga kuma irin ƙasar da muke takawa. Zariya na zaune ne a kan tsohon dutse, wanda ya leƙo waje a Kufena da Madarkaci, a sauran wurare kuma ya ruɓe ya zama ƙasa. In ka tsaya gaban yanka mai zurfi za ka ga jerin da idonka: ƙasar noma a sama, sai jar ƙasa da burji, wani wurin da ɓawon marmara mai taurin tsiya, sai yumɓu mai dabbare-dabbaren ja da fari, sai ruɓaɓɓen dutse da har yanzu yake ɗauke da tsagogin uwarsa, sannan falalen dutse. Ruwan sama kuwa kimanin milimita 1,000 ne a shekara, amma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka, ya fi tsanani a Agusta. Wata shida ƙasa na shan rana da iskar hunturu har ta yi kamar tubali, wata shida kuma tana shan ruwa. Ƙasar Maris da ƙasar Agusta suna ɗaya kawai suka haɗa.

Hanyoyin da alƙalami da kalkuleta ke iya yi

Mafi sauƙi ita ce hanyar gangare marar iyaka. Ana ɗauka gangaren dogo ne ƙwarai, kuma fatar sama ce kawai za ta saɓule a kan layin da ya yi daidai da fuskar gangaren. Ɗalibai kan raina ta saboda layi biyu ne lissafinta, alhali yawancin zaftarewar da muke gani a gefen cikon hanya bayan ruwan Agusta irin wannan ce: mita ɗaya ko biyu na sama ya jiƙe sharkaf, ya sulale ya toshe lambatu.

Bari in ba da misali da lambobin da na zaɓa don bayani. Gangare mai tsayi ɗaya a kan faɗi biyu, wato kusan digiri 26.6. Danƙo kilofaskal 5 (ma'aunin matsi ne), kusurwar gogayya digiri 30, nauyin ƙasa kilonyuton 20 (kusan nauyin tan biyu) a kowace kubik mita, zurfin zamewa mita 2. In babu ruwa, danƙo zai ba da 0.31, gogayya ta ba da 1.15, F ta kama kusan 1.47. Kowa zai sa hannu a kan wannan. To a bar komai yadda yake, a ce kawai ruwa ya cika ƙasar har fuska yana tsiyaya ya bi gangare. Kason gogayya zai ragu zuwa kusan rabi, 0.59, F ta dawo 0.90. Gangaren ya tafi. Ba a canza hanyar lissafi ba, ba a canza ƙasa ba. A ajiye wannan tazara ta 1.47 da 0.90 a rai, don za mu gwada ta da tazarar da ke tsakanin Bishop da Spencer nan gaba.

Sai hanyar Culmann, wadda ta fi su duka tsufa, tun 1866. Ita tana ɗauka ƙasa za ta ɓalle ne a kan miƙaƙƙen layi, kamar an sa adda an sare ɓarin bango. A gangare mai kwanciya ba ta da kyau, tana ba da lamba mai daɗin baki fiye da gaskiya. Amma a yankan da ya miƙe tsaye ko ya kusa, tana kusa da abin da ke faruwa, kuma irin wannan yanka muna da shi birjik: kududdufan da aka haƙa tun kaka da kakanni don ginin gidajen birni, ramukan da tifofi ke ɗibar burji a bayan gari, da ramin harsashin gini ko na kwalbati.

Daga ita ake samun tsayin da yanka zai iya kaiwa a tsaye ba tare da tokari ba. A ɗauki kusurwar gogayya digiri 28 da nauyi kilonyuton 18. In danƙon rani ya kai kilofaskal 25, lissafi zai ce bangon na iya tsayawa har mita 9. In damina ta jiƙa shi danƙon ya sauka zuwa 8, tsayin ya koma mita 3. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, babban kaso na taurin jar ƙasa da rani ba danƙon gaske ba ne. Tsotso ne: ɗan ruwan da ya rage tsakanin ƙwayoyi yana janyo su wuri ɗaya, kamar yadda yaro ke gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi. Da ruwa ya cika gurbin, tsotson ya ɓace.

Na taɓa tsayawa a bakin wani ramin burji a farkon Satumba. Bangon ya kai tsayin mutum uku, a miƙe, leburori na loda tifa a gindinsa. Na hau sama na bi gefen. Kamar taku biyu daga baki, a cikin ciyawa, ga tsaga ta bi tsawon bangon, faɗinta ya isa in cusa yatsu uku. Na zura karan dawa, ya shige kusan kamu huɗu, ya fito a jiƙe. Na kira dattijon da ke kula da wurin na nuna masa. Ya duba ya ce, "Injiniya, ai wannan bangon shekara biyu yana nan." Na ce, "Baba, gaskiya ne, amma shekara biyun nan babu wannan tsagar. Ruwan da ke cikinta tura bangon yake yi daga baya. Don Allah a janye yaran nan." Ya janye su, Allah ya saka masa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a lissafin gangare maganar haka take ba ƙari: duk hanyar da ka bi, in ƙasarka na da danƙo, ka sa tsaga a saman gangaren, ka cika ta da ruwa, sannan ka lissafa.

Jadawalin Taylor ba zan daɗe a kansa ba. Donald Taylor na Amurka ya fitar da shi a 1937, kuma amfaninsa har gobe shi ne saurin dubawa: ka san kusurwar gangare da φ, ka karanto lamba ɗaya, ka sami danƙon da ake buƙata. Ga yumɓu mai cike da ruwa a yanka na tsaye, lambar 0.261 ce. Sharaɗinsa ƙasa ta zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, abin da ba kasafai muke samu ba. Ina amfani da shi ne don in gane ko amsar kwamfuta ta kauce hanya.

Hanyoyin yanka-yanka

Nan ne rigimar take. A 1916 wata tashar jiragen ruwa ta zame a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, masu bincike suka lura cewa ƙasar ta juya ne a kan layi mai kama da ɓarin da'ira, kamar an sa mara an kwashe tuwo daga tukunya. Daga nan aka sami dabarar raba ƙasar da ke saman wannan baka zuwa yanka-yanka a tsaye, kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, a lissafa kowane yanki, a tara. Matsalar ita ce yankunan ba a ware suke ba. Kamar buhunan masara ne da aka jingina a sito, kowanne na tura na kusa da shi, yana kuma gogar sa. Abubuwan da ba a sani ba sun fi lissafin da ake da shi yawa, don haka dole a yi zato a kan wannan turi na maƙwabtaka. Bambancin Fellenius da Bishop da Janbu da Spencer duk a wannan zato yake. Akwai kuma sharuɗɗa biyu na daidaito: kada turi ya rinjaya ta wani ɓangare, kada kuma juyi ya rinjaya. Wasu hanyoyin ɗaya suke cikawa, wasu duka biyun.

Wolmar Fellenius, wanda ya tsara hanyarsa a 1927 ya kuma faɗaɗa ta a 1936, ya yi watsi da turin maƙwabta gaba ɗaya, ya duba juyi kaɗai. Ribar haka ita ce ana gama lissafin a zama ɗaya, ba maimaici. Shi ya sa ake fara koyar da ita, kuma ina goyon bayan haka, don wanda bai taɓa cika teburin yanka goma da hannunsa ba, bai san abin da kwamfuta ke yi masa ba. Amma ban yarda a tsara aikin gaske da ita ba. Takan ba da F ƙasa da gaskiya, a gangare mai kwanciya da matsin ruwa mai yawa kuskuren kan kai kusan rabi. Wani zai ce ai wannan kuskure ne mai amfani, tunda ɓangaren tsoro ya karkata. Ba haka nake gani ba. Na farko, kuɗin mutane ne za a zuba a cikon da ba a buƙata. Na biyu, wanda ya fi damuna, in gangare ya riga ya zame kana so ka yi lissafin baya don gano ainihin ƙarfin ƙasar, Fellenius za ta nuna maka ƙasar ta fi yadda take ƙarfi, ka ɗauki wannan lamba ka tsara gyara da ita.

Alan Bishop na Landan ya gyara abin a 1955, kuma a ganina har yau babu hanyar da ta kai tasa biyan buƙata gwargwadon wahalarta. Ya yarda maƙwabta na tura juna a kwance, ya ɗauka gogar da suke yi wa juna sama da ƙasa ba ta da tasiri. Kowane yanki ya daidaita a tsaye, gaba ɗayan ƙasar kuma ta daidaita ta fuskar juyi. F tana fitowa a ɓangarori biyu na lissafin, don haka sai ka yi hasashe, misali 1.5, ka lissafa, ka mayar da amsar, ka sake. Zagaye uku ko huɗu ta zauna. Mai Excel zai iya gina ta da yamma ɗaya. Abin mamakin shi ne, duk da ba ta cika dukkan sharuɗɗan daidaito ba, in layin zamewa da'ira ne amsarta ba ta cika nisa da ta manyan hanyoyi da fiye da kashi biyar cikin ɗari ba, sau da yawa ma kashi ɗaya ko biyu ne. Dalili kuwa shi ne a kan da'ira, lissafin juyi bai damu sosai da gogar da ke tsakanin yankuna ba. Fredlund da Krahn na Kanada sun nuna wannan a fili a kwatancen da suka yi a 1977.

Tana da wurin tuntuɓe guda biyu. In bakan ya fito a gindin gangare da tsananin miƙewa, wani adadi a cikin lissafin yakan ƙanƙance ya kusa sifiri, amsa ta haukace. Manhajoji kan yi gargaɗi a nan, kada a share gargaɗin. Na biyun kuma shi ne babba: da'ira kaɗai ta sani.

Ƙasa kuwa ba kullum take bin da'ira ba. Cikon da aka daddaɓe da kyau, iri ɗaya, kamar jikin ƙaramar madatsa ko cikon hanya, yakan bi. Amma in akwai siririn shimfiɗin laka a ƙarƙashin ciko, kamar yadda ake samu in hanya ta ratsa fadamar Galma ko ta Kubanni, zamewar za ta gangaro ta sami lakar, ta bi ta a kwance, sannan ta ɓullo. Haka in an yanka tudu an shiga ruɓaɓɓen dutse. Na ga wannan a wani aikin hanya da na leƙa shekarun baya. Rahoton da aka kawo ya nuna Bishop, F sama da 1.6, an gwada ɗaruruwan da'irori. Damina ɗaya gefen ya sauko. Da muka je, fuskar da ta rage a miƙe take sumul, tana sheƙi, da farin yumɓu a shafe kamar an yi mata yaɓe, kaurinsa bai wuce faɗin farce ba. Tsohuwar tsagar dutse ce da ta karkato wajen hanya. Samfurin da aka kai ɗakin gwaji an ɗebo shi ne daga lafiyayyen wuri, kuma babu da'irar da za ta iya bin wannan layi. Abin ya tsaya min a rai, don da an sami wanda ya tsaya gaban yankan da guduma na rabin awa lokacin da katafila ke aiki, da ya gani.

Don irin wannan ne Nilmar Janbu na ƙasar Norwe ya fito da tasa a shekarun 1950. Tana karɓar layi kowane iri, amma sauƙaƙƙiyarta turi kaɗai take daidaitawa, ba juyi. Takan ba da lamba ƙasa da gaskiya, shi ya sa ya haɗa ta da adadin gyara da ake ninkawa, daga 1.0 zuwa kusan 1.12 gwargwadon zurfin zamewar da irin ƙasar. A zamanin da babu kwamfuta ta yi rana ƙwarai. Yau ban ga dalilin da zai sa mai manhaja ya tsaya a kanta ba. In ka ga lambar Janbu a allo, ka bincika ko an yi mata gyaran ko ba a yi ba, don wannan kaɗai ya isa ya bayyana 1.41 ɗin ɗalibina.

Morgenstern da Price a 1965, da Spencer a 1967, su ne suka cika sharuɗɗan biyu, turi da juyi, a kan layi kowane iri. Spencer ya ɗauka turin da ke tsakanin dukkan yankuna yana karkata ne da kusurwa ɗaya, sai a nemo wannan kusurwa tare da F. Morgenstern da Price sun bar kusurwar ta riƙa canzawa daga sama zuwa gindi bisa wani tsari da mai lissafi zai zaɓa. In ka zaɓi tsarin da ba ya canzawa, ka dawo Spencer ke nan. A aikace amsoshinsu kan zo kusan ɗaya, kuma duk hanyoyin da suka cika daidaito ba sa saɓawa da juna da fiye da kimanin kashi shida cikin ɗari. Ni Spencer nake fara dannawa saboda abin da zan zaɓa a cikinta kaɗan ne, kuma ba ta cika ƙin zama ba. Da hannu ba sa yiwuwa a aikin yau da kullum, sai da manhaja irin SLOPE/W ko Slide2.

Wani abu da ya fi zaɓin suna muhimmanci shi ne neman layin da ya fi rauni. Manhaja za ta ba ka mafi ƙanƙantar F ne a cikin layukan da ka ba ta izinin gwadawa. In cibiyar da'irar da ta ci ta faɗo a gefen ragar bincikenka, wato filin da ka ware wa manhajar ta nemi cibiyar a ciki, ba ka gama ba, matsar da ragar. In akwai shimfiɗi mai rauni, ka tilasta mata ta bi ta cikinsa.

Sai ta zamani, wadda manhajar PLAXIS da makamantanta ke yi. Ana daddatsa ƙasar gaba ɗaya zuwa ƙananan gutsattsari, a riƙa rage danƙo da gogayya da adadi ɗaya sannu a hankali har lissafin ya kasa tsayawa. Adadin da aka kai shi ne F. An fara gwada dabarar tun 1975, Griffiths da Lane kuma suka yaɗa ta a 1999. Kyanta a fili yake: ba ka zaton siffar zamewa, ita ke nuna maka inda ƙasa za ta bi, tana kuma faɗa maka yawan motsin da za a yi kafin a kai ga faɗuwa. In za ka haƙa rami mai zurfi a jikin benen wani a Sabon Gari, ko akwai bangon tokari da turaku a cikin aikin, ko za a ɗora ciko hawa-hawa a kan laka, wannan ce hanyar, don a nan tambayar ba ta tsaya ga zai faɗi ko ba zai faɗi ba, har da santimita nawa zai motsa. Amma tana cin bayanai: taurin ƙasa, yadda take kumbura in an murɗe ta, yanayin matsin da take ciki tun asali. Ga gangare mai sauƙi, amsarta kusan ta Bishop ce. Na sha ganin rahoto mai hotuna ja da shuɗi, amma da ka bi diddigi sai ka tarar rami biyu aka haƙa, sauran lambobin daga littafi aka kwaso. Wannan yana ɓata min rai, domin hoton yana sa mai aikin da bai san fannin ba ya saki jiki.

To wacce za a ɗauka?

In fatar gangare ce abin tsoro, gangare marar iyaka, da ruwa har fuska. In yanka ne a tsaye, Culmann da tsaga cike da ruwa, kuma in mutane za su shiga ramin, kada a dogara da danƙon rani ko kaɗan. In ciko ne iri ɗaya a kan ƙasa mai ƙarfi, Bishop ta wadatar, a tabbatar da Spencer tunda danna maɓalli ɗaya ne. In biyun suka saɓa sosai, akwai abin da ba daidai ba a zanen, a koma a duba. In akwai shimfiɗin laka, ko tsagar dutse, ko ƙarfe da turaku a ciki, Spencer ko Morgenstern da Price a kan layin da ba da'ira ba. In motsi ne damuwar kuma akwai kuɗin gwaji na gaske, sai a hau ta gutsattsari, a ajiye Spencer a gefe don awo.

Madatsar ruwa kuma ba lissafi ɗaya ake yi mata ba. Ƙa'idar injiniyoyin sojan Amurka, wadda ake yawan aro, ta nemi F ta kai 1.3 a ƙarshen gini, 1.5 bayan tafkin ya cika ruwa ya ratsa jikin madatsar ya zauna, sannan 1.1 zuwa 1.3 in ruwan ya sauka da sauri. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye. Ƙananan madatsun noman rani, in aka jera injinan ban ruwa ko aka buɗe ƙofa, tafkin kan ja baya cikin 'yan kwanaki, alhali ruwan da ke cikin yumɓun bai sami fita ba. Ruwan da ke tokare da fuskar ciki ya tafi, matsin da ke cikin ƙasa yana nan. Fuskar da ke kallon tafki ce ke zamewa a lokacin, ba ta waje ba. Kowane hali kuma da gwajin da ya dace da shi: na ƙarshen gini ana gwada samfurin ba tare da an bar ruwa ya tsere ba, na dogon zango kuma da ƙarfin da ya rage bayan an cire matsin ruwa. Samfurin jar ƙasa, ko a akwatin murɗa za a gwada shi ko a injin matsi ta kowane gefe, a jiƙa shi ya ƙoshi tukuna.

Sanin inda ruwa yake bai da tsadar da ake zato. Bututun roba mai huda-huda a gindi, a zura a rami, a zagaye shi da yashi, a toshe sama da yumɓu, a riƙa zura awo duk mako daga Yuni zuwa Oktoba. In hakan bai samu ba, rijiyoyin unguwa na nan. Ka tambayi matan gida inda guga ke taɓa ruwa a watan Afrilu da inda yake taɓawa a ƙarshen Agusta, za su nuna maka a jikin igiya. A Aberfan ta yankin Wales, ranar 21 ga Oktoba 1966, tarin ƙasar ma'adinin kwal da aka jibge a kan idanun ruwa ya sauko kan makarantar firamare, mutum 144 suka rasu, 116 yara ne. Mutanen garin sun san da idanun ruwan nan. A lokacin hanyar Bishop ta shekara goma sha ɗaya a duniya.

A kuma sani cewa duk hanyoyin nan zamewa kaɗai suke aunawa. Ba sa ganin zaizayar da ke cin gindin gangare a bakin rafi har ta mayar da shi kwazazzabo, ba sa ganin ruwan da ke huda jikin madatsa yana fitar da ƙasa kaɗan-kaɗan, ba sa ganin gidan gara a cikin ciko, ba sa ganin ambaliyar da za ta haura saman madatsa in mafitar ruwa ta yi kaɗan. Waɗannan kowanne da nasa lissafin da nasa tsaron.

Ɗalibin nan ya dawo bayan mako uku. Ya jiƙa sababbin samfura ya sake gwaji, danƙon ya sauka ƙwarai, gogayya kuwa ba ta motsa sosai ba. Ya zana layin ruwa ya ratsa jikin madatsar ya ɓullo a fuskar waje, sama da gindi kaɗan. Bishop ta ba shi 1.12, Spencer 1.11. Ya kalle ni ya ce, "Yallaɓai, yanzu kuma duka biyun sun faɗi." Muka kwantar da fuskar waje daga ɗaya a kan biyu zuwa ɗaya a kan uku, muka sa magudanar tsakuwa da matatar yashi a gindi don ta janyo layin ruwan ƙasa kada ya ɓullo a fuska. Ya sake dannawa, Bishop 1.56, Spencer 1.55. Ya rubuta ta Spencer a rahoton, ya sa ta Bishop a gefe, sannan ya buɗe sabon shafi don lissafin fuskar ciki in tafkin ya sauka da sauri.